Ajiyar Inno da Akwatin da Ba Ya Ƙara

A garin Gidan Rumji akwai wani mutum mai suna Abdulrahaman, ɗan marigayi Malam Yahaya. Ba rago ba ne, ba ɓarawo ba ne, kuma hannunsa ya iya aiki. Aibinsa guda ne, amma ya ishe shi. Yana son a yaba masa, kuma in ya riga ya tsara abu a ransa, duk wanda ya ce masa akwai gyara ya zama abokin gabarsa na wannan yini. Tun yana ƙarami haka yake. Uwarsa ta yi faɗa har ta gaji, malaman lakol, wato makarantar boko, suka yi nasu, bai canza ba.

Sana'arsa ɗaukar hoto da murya. Yana da ɗan shago a bakin kasuwa. In ana biki ko suna shi ake kira. Masu tallar magani da masu cigiyar dabba da masu sanarwar ɗaurin aure sukan zo ya ɗauki muryarsu, a kai gidan rediyo ko a sa a lasifika. Duk abin da ya ɗauka yana zuba shi a cikin kwamfuta, wadda ƴan lakol ke ce wa ordinatar. A cikinta akwai wani ƙarfe mai girman sabulun wanki, ana ce masa diski. Shi ne rumbun da hoto da murya suke zama. Akwai wani ƙaramin akwatin wuta da ke karɓar kuran, wato lantarki, ya raba wa kowane sashe nasa rabo. Akwai kuma fanka mai hura iska don kada cikin ya yi zafi.

Kwamfutar Abdulrahaman baƙa ce, ƴar ƙarama, ba ta fi jakar ɗan lakol girma ba. Daga Maradi ya kawo ta. Abin da ya fi yi masa daɗi game da ita shi ne ba ta ƙara. Da wannan yake tsokanar Rabilu, ɗan gwaggonsa kuma taubashinsa, wanda ke da shagon gyaran salula a tsallaken hanya. Ta Rabilu tsohuwa ce, ƙatuwa kamar buhun gero a tsaye, in aka kunna ta sai ta riƙa gurnani.

"Rabilu, an buɗe niƙa?" Abdulrahaman yakan ɗaga murya daga ƙofar shagonsa. "Tun daga tasha nike jin injinka. In aiko da dawata?"

"Aiko, taubashi," Rabilu yakan amsa. "Sai dai ka san ba mu niƙa ma marowata. Tawa tana numfashi ne. Taka ƴar lelen nan, ko tari ba ka bari ta yi."

Gidan su Abdulrahaman yana da wata tsohuwar hulɗa da wasu Fulani makiyaya. Tun zamanin kakansa, in damina ta kusa, makiyayan za su kora shanu arewa, sukan bar kayansu masu nauyi a wani ɗaki na gidan da ake ce wa ɗakin ajiya. Turmi, tabarmi, manyan ƙorai, da geron da ba za su iya ɗauka ba. In kaka ta yi suka dawo, sai su karɓi kayansu, su kafa ruga a gonar gidan da ke wajen ƙauyen Sae Sabuwa, shanu su ci kara su bar taki. Ba a taɓa rubuta komai ba, ba a taɓa rasa ko ludayi ba. Malam Yahaya yana da tsarinsa a kan geron ajiya. Ba ya zuba shi a rumbu ɗaya. Rabi yakan bari a gidansa, rabi ya kai gidan ƙanensa a can ƙarshen gari, saboda gobara.

Babbar wannan ruga wata tsohuwa ce mai suna Inno. A shekarar da wannan abu ya faru, da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ta kawo kaya ɗakin ajiya kamar kullum. Da aka gama jerawa ba ta koma ruga ba, ta bi Abdulrahaman har shago. Ta zauna a ƙasa, ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani ƙullin leda. A cikin ledar akwai katin salula, ɗan mitsitsi kamar farcen yaro.

"Ɗan Yahaya, ga wata ajiya. Wagga ba ta ɗaki ba ce."

"Mi ke ciki, Inno?"

"Yaron nan ne."

Abdulrahaman ya gane wanda take nufi. Harouna ne, ɗanta na fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama kusa da shi a gaban mutane ba, saboda kunyar ɗan fari. Zazzaɓi ya kashe shi a can arewa, ya bar matarsa da ciki. Yarinyar da aka haifa bayansa, Saudatu, yanzu ta fara haɗa magana.

Ya sa katin, ya kunna. Muryar Harouna ta cika shagon. Yana kiran shanu da yamma, yana jan kiran, yana ambaton kowace da sunanta, daga Woɗe jar saniyar da ke gaba har zuwa na baya. Ƙanensa ne ya ɗauka da salula don wasa. Iska tana bugawa, wani maraƙi yana kuka. Can wajen ƙarshe sai muryar wata mace daga nesa: "Kai! Hura na jiranka, ko sai ƙudaje sun riga ka?" Harouna ya yi dariya ya ce, "Ga ni nan, Inno." Daga nan maganar ta yanke.

Inno ta juya fuskarta wajen ƙofa, tana kallon masu wucewa kamar ba ta ji komai ba.

"Salular ta taɓa faɗawa ruwa," ta ce. "Allah ya tsare katin. Ba ni sake tahiya da shi daji. Babu wani wuri da muryar nan take sai nan. In munka dawo da kaka ɗiyar ta ƙara wayo. Ina so ta ji ubanta."

"An gama," in ji Abdulrahaman. "Sai dai iska ta ɓata shi. In kina so in share iskar da kukan maraƙin, in bar muryar tsab."

"Ajiya na kawo, ba gyara ba. Kada ka taɓa komi."

A lokacin diski biyu ne a cikin kwamfutar. Ya zuba muryar a na farko, ya sake zuba ta a na biyu, ya juyo da fuskar kwamfutar ya nuna mata, ko da yake ba ta karatu.

"Ga shi nan wuri biyu. Ko ɗaya ya mutu, ɗaya na nan. Katin ma ba shi da sauran amfani."

"Ka aje shi duk da haka," in ji Inno. "Ubanka in na ba shi ƙwarya, ita yake maido mani, ba irinta ba."

Ya yi dariya, ya jefa katin da ledarsa a cikin gwangwanin madara inda yake tara katuna. Da ta miƙe za ta tafi, bai iya barinta ta fita ba sai da ya nuna abin alfaharinsa.

"Inno, saurara. Kin ji wata ƙara? Aiki take yi yanzu haka. Tawa ba ta ƙara."

"Ban ji ba," ta ce, ta fita.

Damina ta sauka, aiki ya yi yawa. Sunaye, walimar masu dawowa daga tafiya, taron manoma. Diski biyun suka cika. Abin da ya kamata shi ne ya nemi babbar kwamfuta mai wadataccen akwatin wuta. Amma babba tana da ƙara, kuma ba ta da kyaun gani a kan tebur. Sai ya tafi Maradi ya sayo diski biyu sabbi. Akwatin wutar ƴar kwamfutarsa baki biyu ne da shi, don diski biyu aka yi shi. Wani mai baza kaya a bakin hanya ya sayar masa da wayoyi masu reshe, sirara, irin waɗanda ake sa wa baki ɗaya su fitar da biyu. Ya dawo ya matsa komai a ciki da ƙyar. Tsofaffin diski biyu ya haɗa su a waya ɗaya, sabbin biyu a ɗayar. Bai tsaya ya tuna cewa ajiyar Inno duka tana kan tsofaffin ba.

Rabilu ya ƙetaro hanya ya leƙa cikin kafin a rufe. Ya daɗe yana kallo.

"Taubashi, tukunyar mutum biyu ka tara ma baki huɗu."

"Ai ta kunna. Ga ta nan tana aiki."

"Yau ta kunna. Diski lokacin da zai tashi ya fi cin wuta. In huɗu sunka tashi tare, wani zai samu, wani ya yi ta jan numfashi. Kuma wagga waya, dubi ƙaurinta, kamar zaren ɗinki. Sayi babban akwatin wuta."

"Ba ya shiga cikin tawa."

"To sayi babban gida."

"In koma niƙa irin taka? Haba. Hassada ce ke damunka, na daɗe da sani."

"Ni dai in hassada ce, to ba ni diski ɗaya daga cikin tsohin nan in kai shagona. Kawu Yahaya ma ba ya zuba geron mutane rumbu ɗaya."

"Baba gero ya aje. Ni ba manomi ba ne. Je ka, ga mai salula can yana jiranka."

Rabilu ya ɗaga kafaɗa ya tafi.

Ba a daɗe ba cikin kwamfutar ya fara zafi, domin an cushe ta ba hanyar iska. Fankar ta riƙa gudu da ƙarfi, ƙararta tana shiga cikin muryoyin da yake ɗauka. Wata rana Rabilu yana wucewa ya tsaya a ƙofa ya kasa kunne, ya ce, "A'a! Ashe an buɗe reshen niƙa a nan ma. Nawa ake tiya?" Mutanen da ke zaune a benci suka fashe da dariya. Suna watsewa Abdulrahaman ya buɗe kwamfutar ya zare wayar fankar.

Da fankar ta yi shiru sai wata ƙara ta bayyana. Ƙas, ƙas, ƙas, kamar kaza tana tsattsagar faifai. Daga tsofaffin diski take fitowa. Wani lokaci da safe in ya kunna, ɗaya daga cikinsu ba ya fitowa sam, sai ya kashe ya sake kunnawa. Mai hankali da ya ji wannan zai tsaya ya tambayi abin da ke damun kayansa. Abdulrahaman abin da ya dame shi kada mutane su ji. Ya sa kafinta ya yi masa akwatin katako, ya lulluɓe cikinsa da soson katifa, ya saka kwamfutar, ya rufe, ya bar ƴar kafar da wayoyi za su fita. Shagon ya yi tsit. Ya riƙa kiran baƙi su kara kunne a jikin akwatin, yana murmushi in suka ce ba su ji komai ba.

Matarsa Hafsatu ta kawo masa abincin rana wata ranar kasuwa. Ta ajiye kwano, ta tsaya tana shaƙar iska.

"Baban Salim, ina jin ƙaurin roba."

"Masu ƙona shara ne bayan kasuwa."

Ta ɗora tafin hannu a kan akwatin, ta janye da sauri. "Wanga akwati ai sai ya dahwa ƙwai."

"Ke tukunya kika sani."

"Shi ya sa na san abin da ke ƙonewa," ta ce. Ta ɗauki kwanon jiya ta fita.

A cikin waɗannan kwanaki aka kira shi sunan ɗan wani attajiri a Tibiri. Da safe yana haɗa kaya ya tarar duk katunansa a cike, kuma mai babur yana jiransa a waje yana danna ham. Ya zazzage gwangwanin madara. Katin Inno ya faɗo a cikin ledarsa. Ya riƙe shi yana juyawa. Ya tuna maganar ƙwarya. Sannan ya dubi akwatinsa mai shiru, ya ce a ransa muryar tana wuri biyu, in tsohuwar ta dawo sai ya sake zuba mata a katin, ba za ta taɓa sani ba. Ya share katin, ya sa a kyamara, ya hau babur.

Ruwa ya ɗauke, aka shiga zafin kaka. Wata rana bayan azahar yana ɗaukar muryar wani mutum da jakinsa ya ɓata. Mutumin yana cikin kwatanta jakin sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Hayaƙi ya fara fitowa ta kafar wayoyi. Abdulrahaman ya fizge wayar kuran, ya ɓalle murfin akwatin, soson ya riga ya fara narkewa. Mai jaki ya fita da gudu yana ihun gobara. Rabilu ya ƙetaro da guga, ya ga ba wutar ruwa ba ce, ya ajiye.

Da abin ya huce suka buɗe. Wayar da ke ciyar da tsofaffin diski ta narke ta manne wuri ɗaya, ta ƙone bakin kowannensu. Rabilu ya kwashi diski huɗun ya kai shagonsa, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya a tasa. Sabbin biyu suka tashi. Tsofaffin ko motsi.

"Kada ka damu tukuna," in ji Rabilu, ba wasa a muryarsa. "Akwai mai gyara a Maradi. Kuma na Inno ai katin na nan."

Abdulrahaman ya sunkuyar da kai.

"Katin na nan, ko?"

"Sunan Tibiri ke ciki."

Rabilu ya zauna a kan benci. Bai ce masa ai na faɗa maka ba.

Suka tafi Maradi tare. Mai gyaran ya canza abin da ya ƙone, ya kunna, ya kasa kunne, ya girgiza kai. Ya ce ƙunar ba ita ce babbar matsala ba. Tun kafin gobarar faifan da ke ciki ya karce, saboda an daɗe ana tada su da wutar da ba ta isa ba, ga zafi. Ya tambaya ko ba su taɓa yin wata ƙara ba, ƙas ƙas haka. Abdulrahaman ya ce sun yi. Mutumin ya ce to wannan kiran taimako ne, da a lokacin aka kwashe abin da ke ciki da an samu. Ya gwada katin ma, amma hotunan sunan Tibiri sun hau kan komai.

Bukukuwan mutane da yawa sun tafi a cikin diskin nan. Waɗannan da sauƙi, domin kowane biki akwai wanda ya ɗauka a salula. Muryar Harouna ce babu ta a ko'ina a duniya.

Labari ya zo cewa shanun su Inno sun kamo hanyar gida. Hafsatu ta same shi a tsakar gida yana zaune bai taɓa tuwo ba.

"Ka hau babur ka tarye ta kan hanya," ta ce. "Ka duƙa ka faɗa mata gaskiya tun ba ta kawo yarinyar ba. Za ta ji ciwo, amma ta san gobara."

"In ce mata na share katin da hannuna? Gari duka ya ji?"

"Gari zai ji ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba."

"Akwai dabara," in ji shi. "Tsohuwa ce, kunnenta ya yi nauyi. Yarinyar kuwa ba ta taɓa jin shi ba."

Hafsatu ta dube shi. "In abin da nike zato ne, babu hannuna."

Ranar kasuwa ya tafi wajen masu shanu. Ya yi ta zagaye yana sauraren samarin makiyaya har ya sami wani baƙo daga gabas mai murya kusa da ta Harouna. Ya ce masa rediyo ke son kiran shanu. Ya kawo shi shago, ya rufe ƙofa, ya koya masa sunayen da ya iya tunawa, ya fara da Woɗe. Saurayin ya yi kira mai daɗi. Abdulrahaman ya ɗauka da kwamfutar aro, ya saurara, har ya ji daɗin aikinsa. Babu iska, babu maraƙi, murya tsab. Ya shirya cewa in ta tambaya zai ce ya ɗan gyara ne.

Inno ta iso da hantsi, tana riƙe da hannun Saudatu. An yi wa yarinyar kitso sabo, an sa mata duwatsu a wuya. Suka gaisa, ya tambayi hanya da shanu da mutanen ruga.

"Lahiya lau," in ji Inno. "Tun daga arewa nike ce mata za ta ji ubanta a gidan Yahaya. Ba ta bar ni na yi barci ba. Kunna mata."

Ya kunna.

Daga kiran farko Inno ta ɗago kai. Ba ta dubi lasifikar ba, shi ta duba. Ya kau da ido. Kafin wani ya yi magana Saudatu ta saki hannun kakarta, ta matsa, ta ɗora tafinta a kan lasifikar, ta kara kunne.

"Baaba?" ta ce. Ta juyo tana dariya. "Inno, Baaba!"

Inno ta bari har kiran ya ƙare. Sannan ta tambaye shi.

"Ina matar da ke kiransa ya sha hura?"

"Na share ta ne tare da iskar, Inno. Na ga kamar..."

"Ba ni katina."

Ya buɗe gwangwanin, ya rufe. A ƙarshe ya sauko daga kujera ya durƙusa, ya faɗi komai: wayar, gobarar, sunan Tibiri, da saurayin kasuwa.

Inno ta saurara har ya gama. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wuta ta ci abu, wannan na san shi. Na binne shi kansa, ban mutu ba. Ka taɓa ajiya, wannan tsakaninka da ubanka ne in kun haɗu. Amma ka ɗauko muryar wani ɗan kasuwa ka sa ma marainiya a kunne. Wannan da mi za a wanke shi?"

Ta jawo yarinyar, ta riƙe fuskarta da hannu biyu, ta yi mata magana da Fulatanci, sannan ta maimaita da Hausa don ya ji.

"Wannan ba ubanki ba ne. Wani ne."

"Baaba ne!" in ji Saudatu. Ta fizge, ta koma wajen lasifikar tana bubbuga ta. "Baaba ne! A sake!"

Inno ta ɗauke ta tana kuka, ta goya ta duk da girmanta. A bakin ƙofa ta tsaya, ta dubi ƙonannen akwatin katakon da ke jingine a lungu.

"Ka ce mani ba ta ƙara," ta ce. "A nan dai ba ka yi ƙarya ba."

Da la'asar jakuna da amalanke suka tsaya a ƙofar gidan Malam Yahaya. Matan ruga suka kwashe ɗakin ajiya. Suka ɗauki turmi da tabarmi da gero. Suka ɗauki har wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki da wani turken maraƙi da suka zauna a ɗakin tun zamanin kakan Abdulrahaman, waɗanda ba a taɓa ɗauka ba domin kowa ya san za a dawo. Hafsatu ta fito da ruwa a kwano. Inno ta karɓa ta sha, ta yi mata godiya da kyau, ta sa wa Salim albarka. Ba ta tambayi mai gidan ba.

A wannan kaka shanun suka wuce gonar gidan da ke Sae Sabuwa ba su tsaya ba. Suka sauka a gonar wani. Kara ya bushe a tsaye, gonar ba ta ga taki ba, kuma ba ta sake gani ba. Mutane ba su daina kiran Abdulrahaman biki ba, amma kowa yakan tsaya a kansa sai an zuba masa nasa a salula kafin ya tafi. Babu mai cewa ka ajiye mini.

Daga baya ya sayi babbar kwamfuta mai wadataccen akwatin wuta da fanka biyu. Kowane diski da wayarsa. Duk abin da ya ɗauka yakan kai kwafinsa shagon Rabilu. Gurnaninta ana jin sa daga tsallaken hanya. Kullum yana jiran taubashinsa ya leƙo ya tambayi nawa ake tiya. Rabilu bai sake yi masa wannan wasa ba.

Masu zuwa daga rugar sun ce Saudatu ta riƙe kiran nan da ta ji sau ɗaya. Da yamma takan tsaya a bakin garke ta yi shi da ƴar muryarta, yadda saurayin kasuwa ya yi, tana ce wa sauran yara haka Baabanta yake kira. An faɗa mata ba shi ba ne har an gaji. Woɗe ba ta ɗaga kai. Inno kuwa in yarinyar ta fara, sai ta ɗauki ƙwarya ta nufi rijiya, ko da randa a cike take.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Kada ka ɗora wa abu nauyin da ba a yi shi dominsa ba, ko na'ura ce ko dabba ko mutum, don kawai a ce kayanka sun fi na wani kyau. In abin hannunka ya fara kuka, ka saurara ka nemi dalili, kada ka toshe masa baki. Wanda ya ce maka akwai gyara ba maƙiyinka ba ne, ko da cikin wasa ya faɗa. Abu biyu da ke rataye a waya ɗaya abu ɗaya ne, saboda haka in kana tsoron asara ka raba wuri. Ajiya kuma ba taka ba ce. Ba a aronta, ba a gyara ta, ba a musanya ta da irinta, komai ƙanƙantarta. In kuma ƙaddara ta faɗa ta salwanta a hannunka, ka tafi da ƙafarka ka faɗi gaskiya tun da wuri. Asarar da Abdulrahaman ya jawo da girman kai, da an yi haƙuri da ita. Ƙaryar da ya rufe ta da ita ce ta raba gidaje biyu, ta kuma bar marainiya tana kiran wani da sunan ubanta.